Wayar da Malam Ya Saya da Albashinsa

Babu wata takarda da ta taɓa fitowa daga ma'aikatar ilimi ta ce ga ranar da wayar hannu za ta fara aiki a makarantun Sakkwato. Ba a yi taro ba, ba a gayyato kwamishina ba. A aljihun malamai ta shigo. Daga baya ta biyo cikin safar ɗalibai maza da ƙarƙashin hijabin 'yan mata. Har yau ɗin nan, wayoyin da ke ɗauke da nauyin karatu a makarantun gwamnati da 'ya'yan unguwarmu ta Minanata ke zuwa, masu su ne suka saye su da guminsu, su ke saka musu kati, su ke kai su caji. Na zauna a benci na ga shigowarta, yanzu kuma ina tsaye gaban allo ina aiki da ita, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Yaran yanzu ba za su gane yadda waya take da tsada a da ba. Kafin 2001, duk faɗin Najeriya, da mutane fiye da miliyan ɗari, layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba. A unguwa irin tamu, gidan da ke da wayar tarho sananne ne, kuma makaranta ba ta cikin lissafi. In shugaban makaranta yana son magana da ma'aikata, sai dai masinja ya hau keke. In yaro ya faɗi a aji, zazzaɓi ya rufe shi, sai a nemi wanda ya san gidansu a tura shi da gudu. A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, amma a lokacin layi kaɗai, ba a zo maganar kan waya ba, yana kai naira dubu ashirin, kiran minti ɗaya kuma naira hamsin. Mafi ƙarancin albashi a jihohi kuwa a lokacin naira 5,500 ne. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashin layi ya yi ta faɗuwa, sannan malamin makaranta ya fara tunanin shi ma zai iya riƙe waya.

A daidai wannan lokacin na shiga sakandaren je-ka-ka-dawo. Malaman da ke da waya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma mun san su duka, mun san ƙarar wayar kowane. Akwai mai rataye tasa a ƙugu cikin 'yar jakar fata, akwai mai sa ta a aljihun gaba na kaftani yadda kanta zai ɗan leƙo. Ba mu ɗauki hakan fariya ba. Mun ga malamanmu, waɗanda kullum ake yi wa kallon masu ƙaramin ƙarfi, sun riƙe abin da manyan 'yan kasuwa ke riƙewa, sai muka ji mu ma an ɗaga mu.

Nan da nan wayoyin nan suka zama ofishin makaranta. Lambar malamin lissafi ita aka rubuta da alli a ƙofar ofishin malamai, ita iyaye ke kira. Uba zai tsaya wurin mai lema a bakin titi, ya biya kuɗin minti ɗaya ya ce a gaya wa ɗansa ya biya ta Tsohuwar Kasuwa in an tashi. Wasu ma filashin kawai suke yi, su jira malam ya kira da katinsa. Yakan kira kuwa. Ban taɓa jin an mayar masa da ko kwabo ba, ban kuma taɓa jin ya tambaya ba.

Ranar da na fara ganin waya ta riga rediyo ita ce Lahadi, 29 ga Oktoban 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, lokacin da jirgin da ya ɗauko Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja. Kafin a yi sanarwa, labari ya riga ya zagaye Minanata daga wannan waya zuwa waccan, mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar gidaje suna salati. Da muka koma makaranta, kowa na faɗin ta bakin wa ya fara ji, kuma kusan duk labarin yana komawa ne kan wani mai waya. Daga lokacin dattawan da ke cewa abin yara ne suka fara tambayar nawa ake sayar da ita.

Amma in za a tambaye ni wace waya ce ta fi yi wa karatunmu hidima a shekarun nan, ba zan ambaci mai intanet ba. 'Yar Nokia mai tocila ce, samfurin 1100, wadda ta fito a 2003 aka sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Wanda ya ƙera ta ya san akwai garuruwan da dare ke yi musu duhu da gaske. Duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ya san yadda ake: zafi ya haura digiri arba'in, kwanon ɗaki ya ɗauki rana tun safe ya ƙi sakinta har tsakar dare, ga ba wuta. Kuma a wannan lokacin ne jarrabawar gama sakandare ke ƙaratowa. Fitilar ƙwai tana ƙara zafi, tana shan kananzir, ga ƙwari. Sai mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan isha'i, mu uku ko huɗu 'yan layi ɗaya, a ɗora wayar Inna a kan gwangwanin madara, haskenta ya faɗi a kan littafi ɗaya. Ɗaya ya karanta tambaya, saura su amsa. Batirinta kan yi kwanaki bai mutu ba. Da sharaɗi Inna take ba da ita: kada a taɓa mata kati, kada a yi mata wasan maciji, kuma a mayar kafin asuba don da ƙararta take tashi. Akwai injiniyoyi da ma'aikatan jinya da alƙalai 'yan Minanata da Mabera da Tudun Wada waɗanda da hasken wayar iyayensu mata suka haddace jadawalin sinadarai. In an haɗu a ɗaurin aure aka tuna, za ka ga kowa ya yi murmushi.

Sai kuma aka shiga zamanin waya mai kala, mai memori, mai Opera Mini. A nan ne malaminmu na ilimin halittu ya yi abin da ya sa na zama abin da na zama.

Makarantarmu tana da ɗakin da ake kira ɗakin gwaje-gwaje, amma abin da ke ciki bai wuce tebura da wasu kwalabe marasa komai ba. Laburare kuma ɗaki ne da ake buɗewa in baƙi za su zo. Zuciyar ɗan Adam mun san ta ne kamar yadda malam ya zana ta da alli: ɗakuna huɗu, kibiyoyi na shiga, kibiyoyi na fita. Mun haddace sunayen da Turanci, muna iya rubuta su, amma a ranmu zane ne kawai. Wata rana ya shigo aji bai ɗauki alli ba. Ya ciro waya daga aljihu, ya ce, "Ku matso layi-layi, ɗiyana, ku dibi abin ga da kyau." Hoto ne mai motsi, bai kai minti ɗaya ba, dishi-dishi, fuskar wayar ba ta fi faɗin akwatin ashana ba. Zuciya ce tana bugawa, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa, jini na wucewa ta hanya ɗaya ba ya komowa. Aji cike yake maƙil, don haka sai ya riƙa bi benci-benci, ya kunna, kawuna su haɗu a kai, ya ƙare, ya matsa gaba ya sake kunnawa. Ajin da ba ya rabo da surutu ya yi tsit. Wani daga baya ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Malam, hakanga tawa taka yi yanzu?" Malam ya ce, "Tun kana cikin uwarka ba ta huta ba." Aka yi ta tasbihi.

Darasin bai wuce na rana ɗaya ba, amma daga baya na san abin da ya ci. Shagon intanet ya je cikin gari a kan kabu-kabu, ya biya kuɗin awa, ya yi ta jira abin ya sauka, ya nemi wanda ya mayar masa da shi yadda wayarsa za ta iya buɗewa. Duk daga albashin da ke ƙarewa kafin tsakiyar wata. Bayan zuciya ya kawo mana huhu, ya kawo ƙwayar halitta tana rabuwa biyu, ya kawo sauron da ke sa zazzaɓin cizon sauro an ƙara girmansa har ana ganin tsinin bakinsa. Ganin haka malamin labarin ƙasa ya fara kawo hoton dutse mai aman wuta, malamin Turanci ya sa ƙamus a wayarsa, muka daina gardama a kan yadda ake furta kalma. Ba wanda ya umurce su. Babu sufeton da ya rubuta wannan a rahotonsa.

Ina ganin abin da ya sa mutanen garinmu ba su ga baƙon abu ba a ce mai neman ilimi ya zo da kayan aikinsa shi ne, haka muka tashi muka tarar. A makarantar allo ba a jiran malam ko hakimi ya raba alluna. Uba ke sayo wa ɗansa allo a kasuwa, yaro ya san nasa ko a duhu, shi ke wanke shi, shi ke feƙe alƙalaminsa, malam kuma ya zo da littattafansa a gafakarsa. Waya ta shigo ta wannan tsohuwar ƙofa. Sai dai ta bambanta da allo ta fuska biyu, kuma duk rigimar da aka yi ta yi a kanta daga nan ta taso. Allo kowane uba na iya sayensa, waya ba kowa ba. Sannan allo ba ya ɗauke da komai sai abin da malam ya yarda a rubuta, waya kuwa tana zuwa da duniya gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau.

Marar kyan bai jima ba ya bayyana. Wayoyin Chana masu layi biyu, masu ƙarar lasifika, wasu har da eriyar talabijin, suka cika kasuwa da araha. Shagunan turi suka buɗe a kowane lungu, da naira kaɗan a cika maka memori da waƙoƙi da finafinan Kano da na Indiya. A lokacin tara, maimakon a ruga wurin mai ƙosai da awara, sai ka ga an taru bayan aji ana tura abu ta bulutut. Ba duka abin da ake turawa ne za a iya nuna wa iyaye ba. Makaranta ta sa doka. Aka fara bincike a bakin ƙofa, firifet na lalube safa da cikin hula. Wadda aka kama sai a kai ta asambili.

"Wa ad da wayag ga?"

Shiru.

"Na ce wa ad da ita?"

"Malam, ba tawa ba ta. Ta yayana ta."

"To, mi yak kawo ta makaranta?"

Wani lokaci a kulle ta a ofis sai uba ya zo, wani lokaci a tsoma ta a bokitin ruwa a gaban kowa. Na ga an fasa wata da dutse. Yaron ɗan koyon gyaran babur ne da yamma, da kuɗin da maigidansa ke ba shi ya tara ya saya. Bai yi kuka ba, ya tsaya yana kallon ɓaraguzan, amma daga wannan zangon bai sake zama ɗalibin da muka sani ba. Har yau ban yarda da wannan hukunci ba. Na san malaman da suka yi shi ba mugaye ba ne, tsoro ne ya kama su ganin abin da ba su san iyakarsa ba ya shigo hannun yaran da aka ba su amana. Amma ƙwace abu a ajiye horo ne, lalata dukiyar talaka kuwa ba ya koya wa yaro komai sai ɓoyo. Ɓoyon kuwa aka koya. Lokacin da manhajar hira ta 2go ta zo, ina Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ƙannenmu na sakandare sun ƙware da danna waya a cikin aljihu ba tare da sun duba ba. Satar amsa ma ta sauya kama, ta tashi daga 'yar takarda a cikin takalmi ta koma saƙon tes, har hukumomin jarrabawa suka riƙa soke sakamakon duk wanda aka kama da waya a zauren jarrabawa. Wannan ɓarna ce ta gaske, kuma ta cuci yara da yawa da suka fito da takarda ba ilimi.

A Islamiyya abin ya zo da sauƙi, wataƙila don an san abin da ake so da ita tun farko. Memorin da ke ɗauke da waƙoƙi shi ke ɗauke da tafsirin Malam Ja'afar Mahmud Adam da karatun Husari da Minshawi. Ƙanwata da wayar Inna ta gyara haddarta, tana wanke-wanke tana bin ƙira'a aya-aya, ta mayar baya ta sake. Kakanmu, wanda da ruwayar Warshu ya yi saukarsa a allo, yakan saurara ya ce karatun ya yi daɗi, amma ba haka suka karɓa ba, don mafi yawan abin da ke cikin wayoyi ruwayar Hafsu ce. Yakan zaunar da ita ya biya mata wurin yadda malaminsa ya biya masa. Ta tashi da kunne biyu.

Duk wannan lokaci muna jin labarin na'urorin da gwamnatoci ke rabawa a wasu wurare. A 2007 an kai wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci masu launin kore ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. A 2013 gwamnan Osun, Rauf Aregbesola, ya ƙaddamar da Opon Imo, allon lantarki mai ɗauke da littattafai don ɗaliban manyan azuzuwan sakandare. A rediyo muka ji su. Abin da ya iso hannun yaron Minanata shi ne wayar gidansu.

Sai ga shi a 2015, shekarar da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir gaba ɗaya ta koma kwamfuta. A lokacin na riga na fara koyarwa. Na raka ɗalibaina wurin gwaji na ga abin da ya tsaya mini a rai. Yaran da muka sha ƙwace wa waya su ne suka zauna gaban kwamfuta ba gargada, suka gane inda ake dannawa a wuce gaba, inda ake komawa baya. Wata yarinya kuwa, wadda ita ke zuwa ta ɗaya a ajina, mai bin doka, wadda ba ta taɓa riƙe wayar da ta wuce ta kira ba, hannunta rawa yake yi a kan linzami. Ta san amsa, na'urar ce ba ta sani ba. Daga 2021 kuma sai da lambar ɗan ƙasa ake rajista, ɗalibi ya tura ta ta saƙon tes zuwa 55019 daga layin da zai ci gaba da zama nasa, don ta nan ne duk bayanin gurbin karatunsa zai biyo. Wato hukuma ɗaya na cewa kada yaro ya kusanci waya, wata hukumar na cewa ba zai shiga jami'a ba sai da layinsa. Malamin aji ne ke tsaye tsakani. Sau da yawa layin da za a yi rajistar, malam ne ke raka yaro a yanka, a cikin wayarsa ake saka shi a karɓi lambar da JAMB za ta turo.

Shekarar korona ce ta tone komai. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, aka shafe watanni yara na gida. An yi darussa a rediyo da talabijin, kuma sun taimaka, amma yaro ba ya iya ɗaga hannu ya tambayi rediyo. Sai muka buɗe guruf a WhatsApp, mu malamai, kowa da datarsa. Nakan rubuta darasi a takarda in ɗauki hotonsa, in yi bayani da murya cikin Hausa, in tura. A nan na san gidajen ɗalibaina fiye da yadda rajista ta taɓa sanar da ni. Akwai masu amsawa nan take, da wayarsu. Akwai waɗanda amsarsu ba ta zuwa sai ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da uba ya dawo daga kasuwa ko ya ajiye kabu-kabu, ya miƙa waya na ɗan lokaci. Akwai waɗanda ban ji ɗuriyarsu ba sam har aka koma makaranta, kuma mafi yawansu mata ne. A gida ɗaya za ka tarar namiji na da waya, 'yar'uwarsa da ta fi shi ƙoƙari ba ta da ita, don ana tsoron kada ta lalace. Na fahimci tsoron, ni ma uba ne. Amma abin yana yi mini ciwo a ce a ƙasar Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda kafin rasuwarta a 1864 ta tsara malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna kai wa mata karatu har cikin ɗakunansu, yau 'ya mace ce ta ƙarshe da karatu ke isa wurinta. Wasu daga cikin waɗanda suka yi shiru ba su dawo ba, an yi musu aure.

Shekara ta zagayo, a watan Satumban 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Cikin birni muna da sabis, amma abokan aikinmu da ke koyarwa a gabashin jiha sai sun yi tafiya kafin su kira gida. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini cewa sai a lokacin ya lura rabin shirin darasinsa a cikin waya yake.

Yanzu iska ta juya a duniya. Faransa ta hana waya a firamare da ƙananan sakandare tun 2018, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto tana jan kunne cewa kada a shigar da na'ura aji sai in za ta taimaki karatu da gaske. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai a kawo shi ofishin malamai a ce ga shi nan, masu abin ma sun gaji da shi. Ina ganin gaskiyarsu ta wani ɓangare. Wayar yau ba ta 2008 ba ce. An ƙera TikTok da ire-irenta ne don su riƙe ido, kuma na ga yaran da ba sa iya karanta shafi ɗaya ba su ɗaga kai ba. Ban yarda ɗan ƙaramar sakandare ya zauna a aji da waya a aljihu ba. Sai dai yaron Faransa da aka karɓe wa waya, in ya juya zai tarar da laburare, da ɗakin gwaje-gwaje mai kaya, da littafi nasa shi kaɗai. Namu in an karɓe, alli ya rage, wani lokaci allin ma malam ya saya. Wanda zai kwaso dokarsu ya kamata ya kwaso har da abin da suka tanada kafin su yi ta.

Abin da nake kewa daga wancan zamani shi ne yadda waya ɗaya ke isar aji guda. Ƙarancinta ya sa dole a matso, a haɗa kai, mai gani ya gaya wa wanda bai gani ba, a yi gardama, malam na tsaye a kai yana cewa ku dibi nan, ku bar can. Shi ya zaɓo abin, shi ya san dalilin zaɓensa. Yau wayar da ke hannun wasu ɗalibaina ta fi tawa, abin da ke cikinta ya fi duk littattafan da na taɓa gani, amma kowa shi kaɗai yake shiga, ba mai riƙe masa hannu. Shirin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 yana da darussa kyauta, amma kyautar ba ta haɗa da waya da caji ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mai shagon caji ya ƙara kuɗi, don da janareto yake aiki. A farkon 2025 aka amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi hamsin cikin ɗari. Rajistar ɗalibai, tura sakamako, saƙon ma'aikata, guruf ɗin iyaye, duk ta wayar malam suke bi, kuma ban taɓa ganin layi a takardar albashi da aka rubuta kuɗin data ba. Mun ɗauke shi kamar yadda na gabanmu suka ɗauka, amma ya kamata a sani cewa ɗauka muke yi, kuma akwai ranar da aljihu ke gazawa.

A makarantar da nake yanzu mun tsaya a kan wani tsari da ba a rubuce yake ba. Ƙananan azuzuwa ba waya. 'Yan ajin ƙarshe da ke shirin jarrabawa suna iya zuwa da ita ranar da aka sa, su ajiye a ofis, a ba su a lokacin gwajin tambayoyin JAMB, kuma duk mai waya sai ya zauna da biyu marasa ita, mata a fara ba su. Ba a fasa ta kowa. Ni kuma nakan jira tsakar dare lokacin da data ke araha in sauke abin da zan nuna, in bi benci-benci da shi kamar yadda aka yi mini.

Malamin namu na ilimin halittu ya yi ritaya, yana nan Minanata. Kwanakin baya na tarar da shi a majalisarsu bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi. Lambarsa ba ta sauya ba tun wancan lokaci, ko da yake sunan kamfanin ya tashi daga Vmobile ya koma Celtel, ya koma Zain, ya koma Airtel. Ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni aiki, sannan ya ce, "To, an kawo muku kayan ɗakin gwaji?" Na ce, "Malam, muna dai sa rai." Ya girgiza kai. Na nuna masa wanda nake nuna wa yara yanzu, zuciya ce ita ma, amma tar da ita, ana juya ta da yatsa ta kowace fuska. Ya daɗe yana juyawa, abokan zamansa suka matso. Ya ce jikarsa za ta zauna JAMB bana, likita take so ta zama, in tura masa ta gani a wayarsa, don ita ba a saya mata ba tukuna. Na ce ya kawo in tura masa ta Xender, kada a ci masa data.